Harshen Kaka da Tukunyar Ruwan Toka

Shekaranjiya da hantsi ina shanya a tsakar gida sai iska ta ɗebo mini wani wari daga gidan maƙwabta, warin man gyaɗa da soda, alamar ana haɗa sabulu. Kafin in ankara harshena ya dunƙule, yawu ya taru mini a baki. Na ajiye zanen da ke hannuna na zauna a kan turmi. Shekara talatin da ɗoriya ke nan, amma jikina bai manta ba. Mai karatu, in ka taɓa jin labarin wata mata a Damagaram da ke shiga gidan mutane tana tambayar me ke cikin wannan kwalbar, me ke cikin wancan bokitin, sai ka ce ma'aikaciyar duwan, wato kwastan, to ni ce. Ga kuma dalilina.

A unguwar Birni na tashi, cikin wani tsohon gidan ƙasa da ya jingina da dutse. Mu goma sha biyu muke cin tukunya ɗaya. Babba a gidan ita ce kakata ta wajen uba. Asalinta 'yar ƙauye ce daga wajen Guna, aure ya kawo ta birni, amma har ta koma ga Allah ba ta yarda birni ya shiga ɗakinta ba. Sunanta aka sa mini, saboda haka iyayena ba sa iya kiran sunana. Ita kuwa takwara take ce mini, in na ɓata mata rai kuma in zama takwarar banza.

Ɗakinta ba a shiga a fito ba tare da atishawa ba. Ƙunshin sassaƙe a rataye, saiwoyi a cikin tsofaffin ƙore, busasshiyar sabara a dami, ga bagaruwar da majeman unguwa ke aiko mata, ga kwanon man kaɗe da ba ya rabuwa da gefen shimfiɗarta. Tun da sassafe mata ke sallama da jarirai a goye suna neman dauri, wato jiƙon da ake ba jinjiri don cikinsa ya zauna. Masu jego su zo neman ganyen wanka, mai ciwon ciki ya aiko a jiƙa masa madaci. Kaka ba ta san baƙi ko ɗaya ba, ba ta da sikeli, ba ta da cokalin awo. Duk iliminta a harshenta yake.

Na sha raka ta kasuwar Mirriya. In ta tsaya gaban mai sayar da itatuwa sai ka ga ya gyara zama, don ya san abin da zai biyo baya. Za ta ɗauki ɓawo ta gutsura, ta lumshe ido tana tauna a hankali, sannan ta tofar ta ce, "Wannan ya sha rana, ƙarfinsa ya tafi. Fito da na ƙasan buhu." Shi kuwa sai ya yi 'yar dariya ya fito da shi. A gida ma haka. Ba ta taɓa ɗura wa jinjiri dauri ba sai ta kurɓa tukuna. Sabulun da ta dafa ma sai ta ɗora shi a kan tsinin harshe ta ji ko yana cizo, in yana cizo ta mayar da shi wuta. Mu yara abin dariya muka ɗauke shi, har mukan ce Kaka ko dutse aka ba ta sai ta lasa. Ita kuwa magana ɗaya take maimaita mana: abin da bai bi ta bakinta ba, ba zai bi ta bakin ɗan kowa ba.

Cikin duk kayan aikinta babu abin da take ji da shi kamar ruwan toka. Bayan an gama girbi 'yan'uwanta na ƙauye kan aiko mata da karan gero a amalanke. Sai ta share wuri tas ta ƙone shi, ta kwashe tokar kafin raɓa ta taɓa ta. Akwai wata tukunya mai ɓula a gindi da take shimfiɗa wa ciyawa, ta cika da toka, ta ɗora a kan wata tukunyar, ta zuba ruwa. Wuni guda za ka ji yana ɗiga, ɗis, ɗis. Ruwan da ya taru ja ne kamar shayi. Da shi take dafa baƙin sabulun da muke wanka da wanki, da shi kuma ake kashe tsamin yakuwa a miya, don ita ba ta yarda da kanwar kasuwa ba. Tukunyar ruwan tokar tana zaune a kusurwar madafa da faifai a bakinta. Maƙwabta ma sukan aiko yaro da ɗan kofi a sam musu na miya.

A shekarar da na cika sha ɗaya, wani proje na tallafa wa mata ya tara matan unguwa a harabar meri, wato ofishin magajin gari, ya koya musu haɗa farin sabulu da soda. Inna, mahaifiyata, tana cikinsu. Ta dawo gida da 'yar leda mai farin abu kamar gishiri, ta ɓoye a ƙasan gado. Ba wani mugun nufi gare ta ba. Kunya ce irin ta suruka. Yaya za ta dubi tsohuwar da ta shekara arba'in tana dafa wa gida sabulu ta ce ga wani sabon da ya fi nata fari? Sai ta yanke shawarar ta gwada a ɓoye, in ya yi kyau ta kai mata a matsayin kyauta.

Ranar da abin zai faru bazara ce, irin zafin da ke sa dutsen Birni ya riƙa huci har bayan magariba. Babu lakwal, wato makarantar boko, ran nan. Da safe Inna ta kira ni bayan ɗakinta, ta nuna mini babban bokitinmu shuɗi. Ta jiƙa sodar a ciki, ruwan ya yi garau kamar na sha, ta rufe da tire.

"Wannan ruwan sabulu ne," ta ce. "Sai ya kwana ya huce. Yana cin hannu, kada ki bar yara su zo nan. Kuma kada ki gaya wa Kaka tukuna, kin ji ko?"

Na ce na ji. Ta yafa mayafi ta tafi suna a Zango. Kaka ita ma ta ɗauki damin sabara ta shiga wani gidan haihuwa a bayan layinmu.

Duk wanda ya tashi a Damagaram ya san abin da ake nufi in aka ce ruwa ya zo. A bazara pampon unguwa kan yi kwana uku, huɗu, ko ɗigo babu. Ranar da ya tashi zuwa kuwa ba ya sallama, kuma ba ya daɗewa. Wajen azahar na ji ihun yara a waje, "Ruwa ya zo! Ruwa ya zo!" Nan take gari ya ruɗe. Kowa ya fito da abin da ya samu, bido, wato jarka, tulu, kwano, har butar alwala. Randarmu ta kusa ƙafewa. Na duba ko'ina, ƙannena sun riga sun kwashe ƙananan bokitai, saura shuɗin nan da ke bayan ɗaki, wanda ya fi kowanne ci.

Ina so ka fahimci yadda kan yarinya 'yar sha ɗaya ya yi aiki, don ni kaina na shekara ina juya shi. Inna ta ce ruwan sabulu ne. Kaka ma tana da ruwan sabulu. Inna ta ce yana cin hannu. Na Kaka ma in ya yi ƙarfi yana sa yatsu santsi da ƙaiƙayi. Ashe abu ɗaya ne, na ce a raina, wurin zamansa ma ɗaya. Ga tukunyar Kaka rabi ce, ga ta a kusurwar da yara ba sa zuwa. Har wani daɗi na ji na wayon da na yi. Na ja bokitin da ƙyar, na ɗaga faifai, na tuttule shi duka a ciki. Farin ruwan ya gauraya da jan, ya ɗauki launinsa, ba mai cewa an ƙara wani abu. Kaɗan ya fallatsar mini a bayan hannun dama, na goge da zane na ruga. A bakin pampo na dirje bokitin da yashi har sau uku. Sawu shida na yi ran nan, na cika randa har baki, ina ta jiran a dawo a yaba mini.

Bayan la'asar Kaka ta dawo. Da yake Inna ba ta nan, ita ta ɗora miyar yakuwa. Ina zaune a bakin madafa ina ɓare albasa, autanmu da ake shirin yayewa yana rarrafe kusa da ƙafarta. Ta ɗauki ɗan ludayinta, ta ɗaga faifai, ta leƙa.

"Ikon Allah," ta ce, "tukunyar nan ba ta raguwa."

Na buɗe baki zan yi magana. Wallahi na buɗe. Sai na tuna Inna ta ce kada in gaya mata tukuna, na mayar da bakina na rufe. Ta ɗebo, ta yi bisimilla, ta kai baki ta kurɓa kamar yadda ta saba yi kafin ta zuba a miya.

Ba ta yi ihu ba. Da ta yi ihu da ya fi mini sauƙi. Ludayin ne ya faɗi, idanunta suka firfito, ta sunkuya ta feso abin da ke bakinta. Leɓɓanta suka yi fari fat a gabana, ina kallo. Abin da ta yi bayan wannan shi ne har gobe ke tayar mini da tsigar jiki. Ba ta nufi randa ba. Hannu ɗaya ta sa ta fizgo auta ta cilla mini shi a cinya, sannan ta sa ƙafa ta hankaɗe tukunyar can nesa da murhu. Tukunyar ta fashe, ƙasa ta shanye ruwan. Sai a lokacin ta nuna randa da yatsa.

Ni na riƙa ɗebowa da moɗa, tana kuskurewa tana zubarwa. Ruwan ya fara fitowa da jini da wasu fararen zare-zare, waɗanda sai daga baya na gane fatar bakinta ce. Kukan da ƙannena suka sa ya tara maƙwabta. Wata ta rugo da nono, wata ta ce a kawo zuma, wata tana salati tana cewa jifa ne. Kaka ta girgiza musu kai, ta ci gaba da nuna ruwa. Sawu shidan nan da na yi, duk a bakinta suka ƙare, har moɗa ta riƙa kartar gindin randa. Aka kira Baba daga rumfarsa ta dukanci. Mota ba ta shiga lungunan Birni, saboda haka goya ta ya yi a bayansa kamar jaririya har bakin titi. Ban taɓa ganin Baba yana gudu ba sai ran nan.

A likita, wato asibiti, aka tambaya me ta sha. Babu wanda ya sani sai da Inna ta iso a gigice, ta ji an ce tukunyar toka, ta koma gida ta ga bokiti wayam. A ƙofar ɗakin da aka kwantar da Kaka ta zube tana cewa soda ce, sodarta ce. Lokotoron da ya duba ta ya ce Allah ya taimaka tsohuwa ba ta haɗiye ba, da ya wuce maƙogwaro da wani zance ake yi. Baba ya tambaye shi, to da a miya aka zuba fa? Ya ce kada ma ya so ya sani.

Kwana tara Kaka ta yi a can. A kwana taran nan gidanmu ya zama wani iri. Gwaggo, ƙanwar Baba, ta dawo gidan da zama don jinya, kuma ba ta iya ɓoye abin da ke ranta.

"A bokiti kika ce kin bar shi," ta ce wa Inna a gaban kowa. "To ƙafa gare shi da ya taka ya shiga tukunyar tsohuwa?"

Inna ta dube ni sau ɗaya kawai, ta kawar da kai, ba ta tambaye ni komai ba. Yanzu da na haifi nawa na gane ta sani tun a ranar, ta zaɓi ta ɗauka a kanta. Mata suka riƙa shigowa dubiya suna amsa gaisuwarta a daƙile. Ni kuwa na yi gum. Bayan hannuna ya tashi ya saɓule, na riƙa naɗe shi da bakin zane ina cewa ƙaya ce ta karce ni. Ina jin kunyar wannan shirun fiye da zubawar kanta, don zubawar rashin sani ne, shirun kuwa da sanina na yi shi.

Da aka sallamo Kaka ba ta iya magana. Koko mai ruwa-ruwa ake ba ta da ƙaramin cokali, shi ma tana sha hawaye na zuba. Washegari ta yafito ni in yi mata fifita. Ina cikin yi ta kama hannuna, ta warware zanen, ta juya shi wajen haske. Matar da ta san ƙunar wuta, ta san ta tafasasshen ruwa, ta san ta mai, ba ta bukatar a gaya mata wannan ba ɗaya daga cikinsu ba ce. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta jawo kwanon man kaɗe ta lakato, ta shiga shafa mini a hankali, ita da ko yawunta ba ta iya haɗiyewa sai da azaba.

A nan na fashe. Na faɗi komai da ƙarfi, cikin kuka da majina, tun daga ihun ruwa ya zo har zuwa lokacin da na buɗe baki na rufe. Gwaggo ta zabura za ta kai mini duka, Kaka ta ɗaga yatsa ɗaya, Gwaggo ta koma ta zauna. Sai ta yafito Inna daga bakin ƙofa, ta kama hannunta ta ɗora a kan gwiwarta, ta bar shi nan har matan da suka zo dubiya suka gani. Daga ranar babu wanda ya sake ɗaga zancen.

Maganarta ta dawo bayan kamar wata biyu, da nauyi-nauyi. Muka yi murna, muna zaton an gama. Wata safiya ta ciro ɓawon madaci daga ƙunshi, ta gutsura, ta lumshe ido kamar da. Ta tauna, ta tauna. Sai ta buɗe ido ta miƙo mini ragowar.

"Takwara, wannan madaci ne kuwa?"

Na ɗan lasa, ɗaci ya murɗe mini fuska har kunne. Ta dube ni, ta dubi ɓawon, ta ajiye shi a kan tabarma. Ban ga kukanta a likita ba sai na zafin ciwo, amma ran nan na ga na baƙin ciki. Gishiri da sukari duk sun zama ɗaya a bakinta. Ni na yi mata wannan, kuma babu wani kalami da zai canza haka.

Ta daina ba da magani. Mata su zo da goyo ta ce su yi haƙuri su tafi likita, ita ba ta ba da abin da ba ta ɗanɗana ba. Haka aka yi har damina ta wuce. Sai wata rana ta jiƙa dauri ta kira ni ta ce, "Zo ki ara mini harshenki, takwarar banza." Na kurɓa, ta tsare ni da tambaya. Ɗacin a tsinin harshe ya tsaya ko ya gangara? Akwai bauri? Yana ɗaure baki ko yana sakinsa? In na ce ban sani ba ta ce in sake kurɓa. Ɗan abin da na sani yau ta haka na same shi. Amma kada in yi maka ƙarya, harshen aro ba ya zama naka. Akwai saiwoyi masu ƙarfi da ta ƙi sa mini a baki, ta kwashe su ta binne a bayan gida, sunayensu ma sun tafi tare da ita.

Inna kuwa ta rantse ba za ta sake taɓa soda ba, Kaka ta hana ta. Ta ce sabulun ba shi da laifi, ɓoyon ne ya ja. Ta yagi bakin wani jan ɗankwali ta ɗaura a hannun bokitin, ta tara gida kaf har auta ta nuna musu, ta ce duk abin da aka ga jan ƙyalle a jikinsa wuta ce. Da farin sabulun Inna aka yi wa Kaka wankan gawa, shekara goma sha huɗu bayan haka.

Kafin rasuwarta, ana gobe za a kai ni ɗakin miji, na durƙusa gabanta na ce ta yafe mini harshenta. Ta harare ni.

"Mu nawa ne a gidan nan ran nan?"

Na ce sha biyu.

"Wa ake fara lasa wa miya in an sauke?"

Na ce auta.

"To harshe ɗaya ne ya tafi, na tsohuwa, wanda ya riga ya ci gishirinsa. Tashi ki ɗanɗana mini miyar can ki gaya mini ko ta ji."

Autan nan yau magidanci ne, 'ya'yansa huɗu, bai ma tuna ranar ba.

Yanzu zamani ya sake. Babu mai ƙona karan gero don toka a cikin gari, kowa a waya yake koyon haɗa sabulu da man shafawa da maganin sanyi, a auna da kofi a juya, babu mai tsayawa ya tambayi abin da ke hannunsa. Ban ce a koma lasar komai ba, ni na fi kowa sanin inda wannan ya kai mu. Amma Kaka kafin ta miƙa wa mutum abu sai ta tsaya ta tabbatar, kuma wannan tsayawar ce na ga tana ɓacewa.

Shi ya sa shekaranjiya ban iya zama a kan turmin nan ba. Na yafa mayafi na shiga gidan maƙwabtan. Yarinya ce amarya-amarya, mai fara'a, tana juya sabulu da safar hannu. A gindin bango, cikin inuwa, ga ragowar ruwan soda a kwalbar roba irin ta ruwan sha, garau da shi. Ɗanta mai koyon tafiya yana dafe da bangon, taku uku tsakaninsu. Na ɗauke kwalbar na ɗora a kan katanga, na ciro jan ƙyalle daga jakata, don ba na fita babu shi.

Ta yi dariya ta ce, "Haba Hajiya, ai na san abin da ke ciki."

Na ce, "Uwata ma ta san abin da ke cikin bokitinta."

Na ɗaura ƙyallen a wuyan kwalbar, na ƙulle shi sau biyu.